Gwajin tuƙi a gaban VIO: kurakuran da ke kayar da mutane da yadda za ka kauce musu

Abin da mutane da yawa ba su gane ba game da gwajin tuƙi shi ne, ba wanda bai iya mota ba ne kaɗai yake faɗuwa. Sau da yawa ma wanda ya daɗe yana jan motar gidansu, shi ke kai yara makaranta shi ke ɗauko cefane, shi ne zai zo ya sha ƙasa, ita kuma yarinyar da ta gama makarantar koyon tuƙi jiya-jiyan nan, hannunta har rawa yake, sai ka ga ta wuce lafiya lau. Dalili kuwa jami'in da ke zaune a gefenka ba gwaninta ya zo kallo ba. So yake ya gani da idonsa cewa kana duba hanya kafin ka motsa, kana sanar da mutane abin da za ka yi kafin ka yi shi, kuma kai kake juya motar ba ita take juya ka ba. Shi kuwa tsohon hannu ya riga ya kwashi ɗabi'un titinmu gaba ɗaya, hannu ɗaya a sitiyari ɗaya a taga, sigina sai in ya tuna, mahaɗa kuma duk wanda ya riga cusa kan motarsa shi ke da hanya. Waɗannan ɗin su ne suke kayar da mutum, kuma duk ana iya gyara su kafin ranar in an san da su.

Fara da takardu tukunna

A Najeriya hannu uku ne a kan lasisi: hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa wato FRSC, wadda aka kafa a 1988, sai ofishin VIO, wato jami'an duba lafiyar motoci, masu yin gwajin, sai hukumar tara kuɗin shiga ta jiha. Sabon mai nema dole ya cika shekara 18, ya bi ta makarantar koyon tuƙin da FRSC ta amince da ita, ya yi aƙalla awa 26 na horo, makarantar ta ba shi satifiket mai lamba, da wannan lambar ce zai cike fom a intanet ya biya kuɗi. To kuskuren farko tun daga nan yake farawa: mutum zai je wajen wani mai tsohuwar mota da ya manna jan L a bayanta, ya biya, ya koya, sai ranar cike fom a ce ai makarantar ba ta cikin rajista. Tambaya tun kafin ka ba da ko sisi, ka ce su nuna maka shaidar amincewar FRSC.

Sannan ka duba sunanka da ranar haihuwarka harafi-harafi, su dace da abin da ke kan NIN ɗinka, wato lambar shaidar ɗan ƙasa. Muhammad a nan Mohammed a can, ko a juya sunan mahaifi da naka, wannan kaɗai ya isa ya sa ka yi ta zarya. Ka haɗa komai a fayil ɗaya tun daren: fom ɗin da ka fitar, rasit, satifiket ɗin makaranta, takardar izinin ɗan koyo, da kwafinsu. In kana sa tabarau na magani kar ka manta da shi a gida don akwai gwajin ido, kuma da shi za ka yi tuƙin.

Maganar masu cewa "kawo kuɗi da fasfo kawai, ka je ka kwanta za a kawo maka lasisi har gida" kuwa, ni dai shawarata ka rabu da su. Lasisin gaske sai ka je da ƙafarka an ɗauki hotonka da zanen yatsunka. Wanda aka kawo maka ba tare da an ɗauka ba, ranar da aka tsayar da kai a hanya aka buga lambarsa a na'ura a nan za ka san abin da ka saya.

Tsarin gwajin kansa yakan ɗan bambanta daga jiha zuwa jiha, wani wurin a cikin fili ake yi da robobin da ake jerawa a ƙasa, wani wurin a fita da kai titi, wani wurin kuma duka biyun, har da tambayoyi a baki ko a kwamfuta. Malamin makarantarku ya san yadda ake yi a ofishin da za ka je, ka matsa masa ya faɗa maka, in da hali ma ya zagaya da kai unguwar ka ga mahaɗu da kwanonin wurin kafin ranar.

Motar da za ka je da ita

Dan Allah kar ka ari motar da ba ka taɓa ja ba don kawai ta fi kyau. Kowace mota da inda kulocinta yake kamawa, da yadda birkinta yake ci, wata ma ribas ɗinta sai ka ɗaga wani zobe a jikin giyar ko ka danna ta ƙasa kafin ta shiga. Ba a gaban jami'i ya kamata ka tsaya laluben wannan ba. Wadda ka koya da ita, ita ce abokiyar tafiya ko da ta tsufa, in dai lafiyarta ƙalau.

Lafiyar kuwa ka duba da kanka, kar ka ce ai mai motar ya ce komai daidai. Aikin VIO na asali fa duba lafiyar mota ne, don haka idonsa a buɗe yake a nan. Sa wani ya tsaya a baya ka taka birki ya ga ko fitilun suna kamawa, ka gwada sigina hagu da dama gaba da baya, hon, waifa, madubai uku su kasance suna nan kuma ba a ɗaure da igiya ba, bel ɗin kujerar direba da na mai zaman gaba duk su riƙa shiga. Birkin hannu musamman, don motoci da yawa a garin nan nasu ado ne kawai, kuma za ka buƙace shi a hawa. Taya kar ta zama ta suɗe, kuma FRSC na ɗaukar cewa taya ta ƙare aiki in ta shekara 4 daga ranar da aka ƙera ta, akwai lambobi huɗu a jikinta, biyun farko mako ne biyun ƙarshe shekara, misali 2322 na nufin mako na 23 a 2022. A but kuma a samu safaya, jak, abin kashe gobara da alamar nan mai kusurwa uku da ake ajiyewa in mota ta lalace. Takardun motar su ma kar su kasance sun ƙare. Mai kuma ka sha isasshe.

Takalmi ma abin dubawa ne. Silifas yakan zame ko ya maƙale a ƙarƙashin feda, mai tsini kuma ba ya barin ƙafa ta ji abin da take takawa. Sa mai shafaffen ƙasa wanda ya kama ƙafa. Babbar riga a bar ta sai ranar Juma'a, hannunta yana kama giya. 'Yar'uwa ke ma ki ɗaure mayafi ko hijabi yadda in kin waiga ba zai rufe miki gefen ido ba, ki kuma tattare ƙasan zani ko abaya daga wajen feda.

Alamomin hanya, a gurguje

Ba sai ka haddace su ɗaya bayan ɗaya kamar karatun allo ba, siffarsu za ka fara riƙewa. Mai zagaye da jan baki hani ce, kar ka yi kaza. Mai zagaye shuɗiya umarni ce, yi kaza. Mai kusurwa uku da jan baki gargaɗi ce, akwai abu a gaba, kwana ko makaranta ko gada ƙarama. In kuma kusurwa ukun a kife take, tsininta na kallon ƙasa, to cewa take ka ba da hanya. Mai kusurwa takwas guda ɗaya ce tal, ita ce ta tsayawa. Masu kusurwa huɗu bayani suke bayarwa, asibiti, gidan mai, sunan gari. Iyakar gudu ga ƙaramar mota ta gida kuwa kilomita 50 a awa a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a babban titi mai hannu biyu irin na Kaduna zuwa Abuja. Ana yawan tambayar wannan.

Ka shiga mota, kar ka taɓa makulli tukunna

Nan ne wurin da gaggawa take fara cin mutane. Jami'i ya ce "bismillah mu je", sai mutum ya murɗa makulli nan take don ya nuna a shirye yake. A'a. Gwajin ya fara tun lokacin da ka nufo motar. Ka zagaya ta ka ga ba yaro ko akuya ko dutse a baya ko a ƙarƙashi, ka shiga, ka rufe ƙofa da kyau.

Sai kujera: ka matsar da ita yadda in ka taka kuloci har ƙasa gwiwarka za ta ɗan rage lanƙwasa, ba ka miƙe ƙafa kana nema da yatsu ba, ba kuma ƙirjinka na gogar sitiyari ba. Bayan kujera sai madubai, a wannan jerin, don in ka gyara madubi sannan ka matsar da kujera aikin banza ka yi. Na tsakiya ya nuna maka gilashin baya gaba ɗaya, na gefe kuma ka riƙa ganin ɗan siririn jikin motarka kawai, sauran duk titi. Ko da kai ka tuƙo motar zuwa wurin kuma komai daidai yake, ka kai hannu ka taɓa su, a ga ka duba. Sai bel. In shi jami'in bai sa nasa ba, cikin ladabi ka ce "yallaɓai a taimaka a sa bel", wasu da gangan suke bari su ga ko za ka yi magana. Waya kuma a kashe ta ko a sa ta shiru a jefa a aljihu, ko ƙara ta yi kar ka ko kalle ta.

Sannan ka tabbatar birkin hannu a ɗage yake, giya tana firi, ka girgiza ta hagu da dama ka ji, ka taka kuloci, sai ka tada. In otomatik ce, tana kan P, ƙafarka a kan birki. Kuma mai otomatik, ƙafar dama kaɗai ke aiki, ita ce totur ita ce birki, ta hagu ta je gefe ta huta.

Tashi da maganar kuloci

Kuloci ƙasa, giya lamba ɗaya, ɗan totur kaɗan, ka riƙa ɗago ƙafar hagu a hankali har ka ji ƙarar injin ta sauya, gaban motar ya ɗan ɗaga kamar tana so ta tafi. Nan ne inda yake kamawa. Tsaya a nan. Yanzu duba madubin tsakiya, duba na hagu, sa sigina ta hagu tunda daga gefen dama za ka hau titi, sannan ka waiga ta kafaɗarka ta hagu. Waigen nan kar ka raina shi, akwai wani yanki a gefen mota da madubi ba ya nunawa sam, kuma daidai wurin ne ɗan acaɓa ko mai adaidaita sahu yake maƙalewa. In ba kowa, sauke birkin hannu har ƙasa, ka ci gaba da sakin kulocin sannu-sannu kana ƙara totur. Ka hau titi, ka kashe sigina in ba ta koma da kanta ba.

Kurakuran nan guda nawa ne kuma kullum su ne: a saki kuloci gaba ɗaya mota ta yi tsalle ta mutu, ko a manta birkin hannu a tafi da shi ana jin wari, ko a tashi a lamba uku a zaton ɗaya ce, ko kuma a bar ƙafa a kan kuloci ana tafiya. Wannan na ƙarshen, da ka gama canja giya ɗauke ƙafar gaba ɗaya ka ajiye ta a gefe. Kuma kar ka riƙa sunkuyawa kana kallon giya in za ka canja, hannu ne ya kamata ya san wurinta, ido na kan titi. In har yanzu sai ka kalla, ka zauna a mota a kashe a gida ka yi ta sawa kana cirewa har hannun ya saba.

To in motar ta mutu fa? Ba ƙarshen duniya ba ne wallahi. Mutuwar mota sau ɗaya ba ita ke kayar da mutum ba yawanci, abin da ya yi bayanta ne. Wani sai ya rikice ya murɗa makulli mota na cikin giya ta sake zabura, na baya na ta hon, gumi ya karyo, ya fizge ta ya shiga titi ba tare da ya duba ko'ina ba. Kai dai taka birki, ja birkin hannu, mayar da giya firi, tada, sa lamba ɗaya, sake duba madubi da kafaɗa kamar yanzu ka fara, ka tafi. Masu hon su yi ta yi, ba su za su sa maka hannu a takarda ba.

A kan titi

Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, don haka zamanka a layin dama ne, wuce mota kuma ta hagunta. Hannu biyu a sitiyari, ɗaya a hagu ɗaya a dama daidai tsakiya ko ɗan sama kaɗan, hannun dama ya je giya ya dawo, ba ya zauna a can ba. In ka sha kwana kar ka saki sitiyarin ya warware da kansa yana zamewa a tafinka, kai za ka mayar da shi.

Jerin da za ka riƙe a duk abin da za ka yi shi ne madubi, sigina, sannan motsi. Za ka sha kwana, za ka canja layi, za ka tsaya, za ka kauce wa motar da ta yi fakin, duk haka ne. Mu a nan an saba a fara karya kan mota sannan a sa sigina, wato an riga an yi abin sannan ake ba da labari. Sigina kuwa sanarwa ce, dole ta riga motsin da ɗan lokaci yadda na baya zai gani ya shirya. Kuma wajen duba madubi ka ɗan motsa kanka kaɗan. Jami'i ba zai iya ganin ƙwayar idonka tana juyawa ba, abin da bai gani ba kuwa a wurinsa ba ka yi ba. Ba wai ka riƙa wasan kwaikwayo kana jujjuya wuya ba, ɗan motsi dai da zai nuna. Kafin ka taka birki ma ka leƙa na tsakiya ka san wa ke bin ka.

Gudu: kar ka wuce iyaka, wannan kowa ya sani. Amma rarrafe ma laifi ne. Titi a buɗe kana tafiya a lamba biyu, injin na kuka, motoci sun yi layi a bayanka, wannan yana nuna tsoro ne ba natsuwa ba. Ka tafi daidai da yanayin wurin, kusa da kasuwa ko makaranta ko masallaci ka sauko sosai, inda hanya ta buɗe ka ƙara giya. Ka tuna a kilomita 50 a awa motarka tana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa, kuma in gudu ya ninka biyu, nisan da birki zai ɗauka kafin ta tsaya ninki huɗu yake yi. Shi ya sa tazara take da muhimmanci. Ka sa ido a kan wani abu a bakin hanya, falwaya ko allo, in motar gabanka ta wuce shi ya kamata a yi daƙiƙa 2 cur kafin kai ka iso, in ana ruwa ko hazon hunturu ya sauko ka ninka. Na san me za ka ce, in ka bar fili mai adaidaita zai cusa kai. Bar shi ya shiga, ka sake ja baya. In an tsaya a cunkoso kuma ka tsaya inda kake hango tayoyin bayan motar gabanka suna taɓa kwalta.

Alamar tsayawa tana nufin tsayawa cak, tayoyi su daina juyawa, a bayan layi ba a kansa ba, ko da ba kowa a titin. Rage gudu a leƙa a wuce ba tsayawa ba ce, kuma wannan yana cikin abubuwan da suke kayar da tsofaffin hannu. Ka tsaya, duba hagu, duba dama, sake duba hagu, sannan ka shiga. In shago ko motar da aka ajiye ta tare maka gani, ka ɗan matso a hankali da rabin kuloci har ka gani da kyau. Danja kuma, ruwan ɗorawa ba "yi sauri kafin ja ta kama" take nufi ba, shirin tsayawa ne, sai fa in ka riga ka kai bakin layin yadda taka birki zai zama haɗari. In kore ta kama ma ka ɗan leƙa gefe da gefe kafin ka tashi, ka san halin mutanenmu. In akwai jami'in da ke ba da hannu a wurin, ɗan sanda ne ko ɗan KAROTA in a Kano kake, hannunsa ya fi fitilar ƙarfi, shi za ka bi.

Shataletale kuma, wanda ya riga ya shiga shi ke da hanya, kuma ta hagunka zai ɓullo, don haka idonka na hagu kafin ka shiga. Ka sauko zuwa lamba biyu tun kafin ka iso, in da fili ka shige ba sai ka tsaya ba, in babu ka jira. In ka zo fita, da ka wuce hanyar da ke kafin taka sai ka sa sigina ta dama, ka leƙa madubin dama saboda masu babur da ke bi ta gefe. In ka wuce mafitarka kar ka taka birki a tsakiya, balle ribas, sake zagayowa kawai.

Masu tafiya a ƙasa, in sun sa ƙafa a wurin tsallakawa mai farin zane, tsaya musu, kar ka yi musu hon. Hon ɗin ma gaba ɗaya rage shi, na gargaɗi ne ba na faɗa ko gaisuwa ba. Wuce mota kuwa in ba dole ba ka haƙura da shi a ranar, kuma ko kusa kar ka gwada a kwana, a kan gada, a hawan da ba ka ganin gabansa, ko inda layin tsakiya bai yanke ba. Wani abu kuma da direbobin haya suka koya wa mutane, sa mota a firi a gangara wai don a rage shan mai, ko a taka kuloci tun daga nesa a tafi a haka. Kar ka yi. Birki ake fara takawa, kuloci sai mota ta kusa tsayawa ko za ka canja giya. Kwana ma ka gama rage gudu da canja giyarka kafin ka shige ta, ba a tsakiyarta ba.

Ribas, fakin da hawa

Nan ne cikin mutane yake ɗurar ruwa, alhali sirrin guda ɗaya ne: mota a hankali, sitiyari da sauri. Rabin kuloci, kusan ba totur, tafiyar da mai tafiya a ƙasa zai wuce ka. In tana tafiya a hankali duk kuskuren da ka yi kana da lokacin gyarawa.

Kafin ka fara ribas duba ko'ina, gaba, gefe biyu, baya. Ka juya ka kalli gilashin baya kana haɗawa da madubai, kar ka dogara da kyamara ko da motar tana da ita. Inda kake so bayan motar ya nufa, can za ka juya sitiyari, kana so ya yi dama juya dama, shi ke nan, kar wani ya rikita ka da cewa a ribas komai juyewa yake. Abin da ake mantawa shi ne gaban motar yana fita ta ɗaya gefen, wato in bayan ya yi dama hancin zai buɗe hagu, a nan ake kwashe roba ko a gogi motar wani. In mutum ko babur ya taho ta bayanka tsaya cak har ya wuce.

Fakin tsakanin mota biyu a gefen dama, ga yadda yake: sa sigina ta dama, ka jera da motar gaba, tsakaninku kamar mita ɗaya ko ƙasa kaɗan, bayanka daidai da bayanta. Sa ribas, duba ko'ina har da kafaɗar hagu tunda hancinka zai leƙa titi. Fara tafiya, juya sitiyari dama gaba ɗaya har motar ta karkace kamar rabin kwana, sai ka miƙar da tayoyi ka ci gaba da baya kai tsaye, in hancinka ya wuce bayan motar gaba sai ka juya hagu gaba ɗaya, za ka ga ta shige ta daidaita. Miƙar da taya, ɗan matsa gaba ka zauna a tsakiya. In ka ga ba ta shiga daidai ba, ka fito ka gyara, gyara ba laifi ba ne, hawa dakalin titi ko taɓa mota shi ne matsala. Kowace mota da tsawonta, don haka ka yi ta gwadawa da jarkoki biyu a fili da motar da za ka je da ita har ka gane alamominka.

Juyawa a ƙaramin titi kuma: ka tsaya a gefen dama, sigina hagu, duba gaba da baya, tafi a hankali da sitiyari hagu gaba ɗaya, dab da bakin titi ka fara mayar da shi dama ka tsaya, sa ribas, sake dubawa, yi baya da sitiyari dama, tsaya, lamba ɗaya, duba, ka fita. In titin ya matse ka yi sau biyar maimakon uku, ba komai, ya fi ka faɗa kwata.

Tashi a hawa shi ne inda birkin hannun nan zai yi maka rana. Ka tsaya, ja shi, lamba ɗaya, totur ya ɗan fi na ƙasa mai shafe, ɗago kuloci har ka ji ya kama motar tana jan gaba, riƙe ƙafafun a haka kar su motsa, duba madubi da kafaɗa, sai ka sauke birkin hannun a hankali. In ta fara komawa baya ka sake shi da wuri ne, kulocin bai kama ba, taka birki ka sake daga farko. Masu cewa gwani ba ya amfani da birkin hannu a hawa, ka bar su da gwanintarsu sai bayan ka karɓi lasisi. In aka ce ka ajiye ta a gangara, birkin hannu, ka bar ta a ribas in tana kallon ƙasa ka karya tayoyin zuwa bakin titi, in tana kallon sama ka bar ta a lamba ɗaya.

Kai da jami'in

Ka gaishe shi yadda ya kamata, "ranka ya daɗe barka da aiki", in mace ce "ranki ya daɗe", ka tsaya a nan, ba sai ka kawo labarin wanda ka sani a ofis ba, kuma kar ka soma maganar na goro. In ya ba da umarni ba ka ji ba, ce "yallaɓai a maimaita", ya fi ka yi ta kintace. In ya ce ka yi dama kai kuma ka riga ka shiga layin hagu, kar ka yanko titi don ka cika umarni, bi inda layinka ya nufa lafiya ka ce masa ka wuce, zai sake nuna maka hanya. In ya ce "tsaya a nan" ba yana nufin ka dunƙule birki a inda kake ba, nufinsa ka nemi wurin da ya dace kusa, ba bakin mahaɗa ba, ba kan kwana ba, ba ƙofar gidan mutane ko kan wurin tsallakawa ba. Haka in abin da ya ce ya saɓa wa alamar da ke gabanka, misali hanyar wan-we ce, ka faɗa masa cikin ladabi cewa alama ta hana. In ka ga yana rubutu kuma kar ka leƙa takardar, ba lallai laifi yake rubutawa ba, kuma leƙen ne zai sa ka yi laifin gaske.

In an dawo, gwaji bai ƙare ba sai ka fita. Madubi, sigina ta dama, tsaya, birkin hannu, giya firi ko P, kashe mota, sannan ka duba madubin hagu ka waiga kafin ka buɗe ƙofa saboda mai babur. In ka ci, VIO zai sa maka hannu, ka bi ta teburin masu kuɗin shiga, sannan ka wuce wajen FRSC a ɗauki hoto da yatsu, su ba ka lasisin wucin gadi mai aiki na kwana 60 kafin na dindindin ya fito, wanda ake yin sa na shekara 3 ko 5 gwargwadon abin da ka biya. Kafin ka bar teburin ka karanta sunanka da ranar haihuwa da ajin lasisin a takardar, na ƙaramar motar gida ajin B ne. In kuma ba ka ci ba, kar ka tsaya musu, ka tambaye shi takamaimai inda ka kuskure da ranar da za ka iya dawowa, ka rubuta a wayarka tun kana wurin kafin ka manta, ka kai wa malaminka ku koma fili a kan waɗannan ɗin kawai.